Waken Inna da Kwalba Biyu

Safana,
Talata, da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗiyata, Mamana, mai sunan uwata.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin lafiya a ɗakinki na Batsari, ke da maigidanki da dukan mutanen gidansu. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare muku hanya gaba da baya, ya kau da idon mugu daga motar da za ki shiga.

Jibi za a kai ki. Na san in na zaunar da ke don mu yi magana, kuka zai ci ƙarfina, ga gida cike da mutane. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da layin da yake hawa yana sauka, kin san da furfura na koyi abin. Faɗan zaman aure kuwa na bar wa gwaggonninki, sun fi ni iyawa. Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma kada ki yi dariya. Ƙwari ne.

Da gwaggonki Lami, ƙanwar babanku, ta dawo daga jere, ko mayafi ba ta cire ba ta fara ba ni labari.

Ta ce, "Matar Yaya, ɗiyarki ta shiga gidan 'yan boko. Ciyawa suka shuka a tsakar gida! Ciyawa fa, wadda muke nomewa. Har ban ruwa ake yi mata, akuya ba ta isa ta sa baki ba."

Na ce, "Kowa da abin da yake so, Lami."

Ta ce, "To gara ma tana so. Ta fara cin ta ta gefen katanga. Ango ya ce da an watse biki zai sayo maganin ciyawa ya fesa."

Mamana, da na ji kalmar nan sai da na nemi wuri na zauna. Wataƙila ba haka ya faɗa ba, kin san Lami da juya magana. Amma Lami ta ce akwai ɗan fili a bayan ɗakinki, kuma a wannan filin nake so ki shuka abin da na sa miki a ƙasan akwati, cikin ƙaramar gora mai toshiyar tsumma. Waken Inna ne. Jan waken nan ƙanana mai saurin nuna, wanda ake ci tun gero bai shigo gida ba. Inna, wato uwata, ta gaje shi wurin uwarta a Runka, ni na gaje shi wurinta, kuma ba a samunsa a kasuwa. Saura ƙiris ya ƙare a hannuna. Ba ki san wannan labari ba, don kina makarantar kwana a lokacin, kuma na roƙi babanku ya rufa mini asiri. Yau zan tona da kaina.

Kin tuna shekarar da zaman Runka ya gagara muka taso muka dawo Safana. Gona ta yi nisa, kuma ba mai zuwa ya tabbata zai dawo. Abin da ya rage mana shi ne kangon bayan gidan nan. Ni kuwa ɗiyar malamai ce, a Runka ban taɓa riƙe fartanya ba. Noma da feshi aikin maza ne, namu sussuka da girki. Amma kangon yana cikin katanga, babanku yana koyarwa a Islamiyya safe da yamma, sai na ce ni zan noma shi.

Kuskurena na farko, na ɗauka ƙwari da damina suke zuwa. Ashe tun bazara suna nan a kwance suna jira. Na bar tsohon kara da guntayen itace a wurin, na kwaso ɗanyen kashin awaki wanda bai ruɓe ba na zuba, ina murna na yi taki. Da ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi daga gindin katanga kamar hayaƙi, ban gane cewa gara ce take sanar da ni tana gidan ba. Masarar da na shuka, sai in tashi in ga ta kwanta, an yanke ta daga ƙasa. Na tona, na ga gwazarma fara fat, ta naɗe tana ƙiba da saiwar shukata.

Don haka kada ki jira ruwa. Yanzu da ake zafin nan, kafin hadari ya fara haɗuwa, ki share filin tas. Ki tara karan da busasshen ganye ki ƙone. Ki sa a kafce ƙasar a juya ta, rana ta gasa abin da ke ciki, ki saki kaji su yi kwana biyu suna tono. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina wari.

Kuskure na biyu shi ne babba.

Waken ya tsiro, ya yi kyau, ya fara yaɗo. Sai darɓa ta sauka a kansa, ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da ke manne wa a ƙarƙashin ganye har ya yi danƙo ya nannaɗe. Babanku ya tafi Katsina jinyar wansa. Kullum na leƙa sai in ga abin ya ƙaru. A lungun zaure akwai kwalba biyu da ya taho da su daga Runka. Ɗaya mai jan layi da hoton ƙoƙon kan mutum, ganinta ma tsoro yake ba ni. Ɗaya kuwa mai hoton koren ganye shar, gwanin sha'awa. Na tuna na taɓa jin ya nuna ta ya ce, "Wannan maganin ciyawa ne."

Sai na yi lissafi irin nawa. Maganin ido, ido yake gyarawa. Maganin ciki, ciki yake gyarawa. Maganin ciyawa kuwa, ai ganye zai gyara, ga ma hotonsa a jiki.

Ina cikin zubawa a bokiti Lami ta shigo.

Ta ce, "Matar Yaya, kin tabbata kuwa? Ki bari Yaya ya dawo mana."

Da na ce mata ban sani ba, da shi ke nan. Amma ƙanwar miji ce, kullum tana tsokanata wai ni baƙauya ce. Sai na ɗaga kwalbar kusa da fuskata, na bi rubutun da yatsa, ina motsa baki kamar mai karatu. Na ce, "Ga shi nan an rubuta." Ita ma ba ta iya ba, sai ta ƙyale ni. Na tsoma tsintsiya na yayyafa wa waken nan kaf, har ina ƙara wa wanda ya fi jin jiki.

Kwana uku ganye ya yi rawaya. Kafin mako ya zagayo filin ya koma kamar an bi shi da wuta. Ranar da babanku ya dawo, ya tsaya a bakin kangon yana kallo.

Ya ce, "Hajara, mi ya samu waken nan?"

Na ce, "Magani na sa mishi."

"Wanne?"

Na ɗauko kwalbar. Ya yi salati, ya ce, "Wannan ai maganin ciyawa ne."

Na ce, "To ai shi ya sa, Malam. Maganin ido ba ido yake gyarawa ba?"

Ya dube ni, ya dubi kwalbar. Ya ce, "Maganin sauro fa? Ƙiba yake sa sauro?"

Na ga gemunsa yana rawa, dariya yake dannewa. Da ya ga fuskata sai ya bari, ya ce ƙaddara ce, Allah ya mayar da alheri. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da muka baro Runka. Waɗanda suka kore mu ba su taɓa waken Inna ba. Ni na kashe shi da hannuna, don kada Lami ta ce ban sani ba. Ita kuma daga ranar ta sa mini suna Likita. Ko a gidan suna muka haɗu sai ta ɗaga murya, "Likita, ya masu jiki?"

Abin da ya cece ni, Inna ta hore mu kada a taɓa shuka iri duka. Akwai cikin tafi ɗaya da na bari a gora. Ke ma ki yi haka: rabi a ƙasa, rabi a ɗaki. Kuma in ba ki san abu ba, ki buɗe baki ki ce ba ki sani ba, ko a gaban wa. Dangin miji za su yi dariya kwana ɗaya su manta. Ƙaryar sani ce ba a mantawa.

Bayan sallah aka buɗe ajin manya na mata a makarantar da babanku yake koyarwa, bayan la'asar. Na ce zan shiga. Na zauna a kan benci ɗaya da sa'o'in ƙannena, gwiwata tana ƙara. Malama Rabi ce take koya mana, mace mai haƙuri. Ranar farko ta tambayi kowa dalilin zuwanta. Wata ta ce don ta riƙa duba sunaye a waya, wata don katin asibiti. Ni na zaro kwalbar nan daga cikin hijabi na ajiye a kan tebur, na ce, "Wannan nake so in karanta."

Ta juya ta, ta ce, "Baba Hajara, wannan ai Turanci ne. Mu Hausa za mu fara."

Na ce, "Ko na aljanu ne, Malama, sai na san abin da ya ce."

Wata huɗu ina fama da baƙaƙe. B da D sun wahalar da ni, kullum sai in juya musu ciki. Da na kama su, Malama ta cika alkawari. Ta nuna mini doguwar kalma guda a jikin kowace kwalba. Ta ce wadda ta fara da harafin H shuka take kashewa, wadda ta fara da harafin I ƙwari take kashewa. Ta koya mini inda ake rubuta awo, murfi nawa a ruwa nawa, da kwana nawa za a jira kafin a ci abin da aka fesa wa. Na dawo gida na yanki takarda, na rubuta da manyan baƙaƙe, MAI KASHE CIYAWA, na liƙa a ɗaya. Na rubuta MAI KASHE ƘWARI, na liƙa a ɗayar. Bayan sunana, wannan ne abu na farko da na rubuta a duniya. Kuma tun daga ranar na hana a kira su magani a gidan nan. Kin sha jin ina gyara wa babanku baki, kina ce mini na cika fitina. To ga dalili. Guba ce, a kira ta da aikinta.

Kada ki zaci daga nan na yi hankali. Damina ta biyu tsoro ya hana ni shuka waken, sai na ce bari in gwada hannu a kan kuɓewa. Da tsutsa ta kama ta, na ɗauko kwalbar da ta dace, na karanta awon daidai, sannan na ce a raina, in murfi ɗaya yana kashewa, biyu zai fi. Na fesa da tsakar rana, hannu tsirara, fuska a buɗe, kaji suna bina a baya. Ganyen kuɓewa ya ƙone ta baki-baki, kajina biyu suka mutu, ni kuma na kwana biyu da ciwon kai da amai. Wanda ya rubuta murfi ɗaya ya san da biyu, bai rubuta ba. Ki tsaya inda ya tsaya. Ki fesa da yamma in rana ta yi sanyi kuma ba iska. Ki rufe hanci da baki, ki sa leda a hannu, ki kulle kaji, ki yi wanka da sabulu kafin ki taɓa tukunya. Kwalbar da ta ƙare a fasa ta a binne, kada ki yarda a zuba mai ko ruwa a ciki, ko an wanke ta sau goma.

Shi kansa jiran da na yi kuskure ne. Da bazara ta uku ta zo na buɗe gorar, sai ƙura ta fito. Toshiyar ta saki, ƙwaro ya shiga ya huda waken. Na zazzage a faifai ina tsincewa ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage lafiyayye bai cika ludayi ba. Na gane ɓoye iri ba shi ne tsare shi ba. Ki shanya naki ya bushe ƙayau, ki gauraya da toka mai laushi, ki toshe sosai, ki riƙa dubawa, kuma kowace shekara ya ga ƙasa.

To, yanzu ki ji yadda uwarki ta rama.

A wannan bazarar ban bar ko tsinke a kangon ba. Na bi hanyar gara, ƙasar nan da take ginawa kamar jijiya a jikin bango, har ta kai ni ga wani tsohon kututture da ke binne a gindin katanga. Na sa babanku ya cire babbar riga ya ɗauki diga. Yana haƙa yana mita, wai almajiransa za su gan shi. Muka tumɓuke shi, ga gidan gara a ƙarƙashi, kaji suka yi walima. Da ruwa ya zauna na shuka abin da ke cikin ludayin, na bar ƙwaya kaɗan a gora. Goma sha bakwai suka tsiro. Na san kowanne kamar yadda na san 'ya'yana.

Kullum in gari ya waye, kafin in hura wuta, sai in bi su ina ɗaga ganye ina duba ƙarƙashi. A nan na gane wani abu da ba a rubuta a kwalba ba: in kika ga tururuwa tana hawa tana sauka a jikin wake, darɓa ta iso ko da ba ki gan ta ba, zaƙinta suke bi. Ranar da na ga haka ban taɓa guba ba. Na murƙushe na farkon da yatsa, na barbaɗa toka da sauran raɓa. Na daka 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, na jiƙa suka kwana, na tace, na sa ɗan sabulu, na yayyafa da yamma. Bayan kwana biyar na sake. Darɓa ta ja da baya. Da ya fara fure sai ga tsutsa tana huda furen, bedi ya kasa. A nan ne na ɗauko mai kashe ƙwari. Na karanta takardata, na karanta kalmar da ke jikin kwalbar, na sake karantawa. Murfi ɗaya. Na yi bisimilla na fesa, sau ɗaya tak.

Mamana, waken nan ya yi 'ya'ya har reshe yana jan ƙasa. Da na rore na sussuka, tiya ɗaya da rabi na auna, daga abin da bai cika ludayi ba. Na zauna a tsakar gida da kwano a gabana ina zuba hannu ina ɗagowa, ina ta hamdala. Na dafa kaɗan da manja da yaji, na zuba a kwanon sha na kai wa Lami da kaina. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, ta ce, "Likita, wannan karon mai jikin ya tashi."

Har yau Likita take ce mini, amma yanzu da kwalba a hannu take zuwa. Ita da matan unguwa. Sai su yi sallama su ce, "A duba mana wannan, na kashe mi ne?" In sa tabarau in duba in gaya musu, in rubuta musu takarda su liƙa. Wadda ban gane ba in ce ban gane ba, a kai wa Malama Rabi.

Game da ciyawar maigidanki, tunda yana son abarsa, ki taya shi so. Inda ta yi rawaya ki kama ki ja. In ta taso ba saiwa, gwazarma ce a ƙasa, a tona wurin a tsince. In kin ga ƙasa ta lulluɓe ta, gara ce, a bi hanyarta har gidanta, fesa sama ba ya kai wa gare ta. Kuma duk kwalbar da ya shigo da ita, ki karɓa da ladabi ki duba kafin a buɗe. Na san ku duka kun yi karatu mai zurfi, kun fi ni nesa ba kusa ba. Amma na lura masu ilimi ba su cika karanta ƙananan rubutu ba, suna ganin sun riga sun sani. In mai harafin H ce, ciyawarsa za ta tafi, iska kuma ta kai wa wakenki. Famfon feshin da aka taɓa zuba ta a ciki ma kada ya kusanci bayan ɗakinki.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ƙara damuwa, kuma shi ne ya sa nake farin ciki. Ran Juma'ar da ta wuce kawunki Sale, wana, ya zo daga Runka a bayan a-kori-kura don yi mana Allah sa alheri. Ya rame. Bayan an ci abinci ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce rumbunsu ya tafi a tashin hankalin bara, da hatsi da iri duka. Bana an ɗan samu sauƙi, yana so ya shuka gonar bakin gari. Ya ce ya tambayi duk danginmu, ba wanda ke da sauran waken Inna. Ya ce, "Na san ke ba noma kike ba, Hajara, na dai ce bari in tambaya, don raina ya huta."

Sai na miƙe. Na shiga ɗaki na jawo buhun waken na ajiye a gabansa, na kwance bakin. Ya zuba hannu ya ɗebo, ya kai kusa da ido, ya shinshina. Dattijo da furfurarsa, sai hawaye. Ya ce, "Ashe yana nan."

Na ce, "Yana nan, Yaya."

A gabansa na kasa irin uku. Kashi ɗaya ya koma Runka a cikin jakarsa. Ɗaya yana nan wurina. Na ukun shi ne a akwatinki. Ba mu san abin da gobe za ta kawo a ƙasar nan tamu ba, amma yanzu duk abin da zai ƙarar da waken Inna sai ya bi gari uku, kuma a ɗaya daga ciki ke zai tarar.

Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya sa ki shiga da ƙafar dama, ya haɗa kanki da mutanen gidan. Ya ba mu damina mai albarka, ya tsare shuka daga ƙwari, ya tsare masu shukar daga sharrin mutane, na Batsari da na Safana da na Runka baki ɗaya. Babanku yana sa miki albarka. Ki gaishe da surukanki da kyau, ki gaishe da maigidanki.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarki,
Hajara.
Da hannuna na rubuta, ba wanda ya taya ni.